Tukunyar Ɗoɗɗoyar Mama

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa daga Samaru. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma, da kin ce ba ki ga tabaranki ba.

Kowa lafiya a Muchia. Ɗanki Ishaku ya ɗauki rabon kayanki kamar aikin ofis, har da ɗaure fuska. Da aka zo kan tukunyar da kike shuka ɗoɗɗoya a ciki, koriyar nan mai sheƙi da ke bakin ƙofar kicin, sai ya tuna labarin da kika saba ba mu, wai wata Baturiya da kika yi wa aiki ce ta bar miki ita. Ya ce kayan Turawa kuɗi ne, a sayar a raba. Ni aka ba aikin gano farashinta, tunda ni ce mai digiri.

Na juye ƙasar, na wanke ta, na kai wa wani malami da ke koyar da ginin tukwane a jami'a. Ya ɗauke ta da hannu biyu kamar jaririya. Ya ce ba daga Turai ta zo ba. A ƙasar nan aka gina ta, a wata makarantar magina ta zamanin Turawa, inda ake gasa yumɓu har ya yi ƙyalli. Ya ce asalinta ma tukunyar ruwa ce, kuma masu tara irinta suna biyan abin da zai sayi mota. Sai ya kifa ta don ya ga alamar wanda ya gina. Ya ga huda a gindinta. Ya tambaye ni wane mara imani ne ya huda ta.

Mama, kin san ko wace ce. Ina aji biyu a fannin noma na dawo hutu da ilimi fal ciki, na ce shuka ba ta rayuwa sai ruwa yana tsiyayewa. Na kira kafinta da injinsa ranar da kika tafi taron zumuntar mata. Da kika dawo kika zauna a dakali kina kuka, ni kuwa na yi miki lacca a kan ruɓewar saiwa. Ban taɓa ba ki haƙuri ba.

Hudar ta cinye rabin alamar. Saura ɗigo biyu da guntun layi a ƙarƙashinsu. Malamin ya ce ya taɓa ganin cikakkiyar a jikin wasu tukwane, ɗigo uku ne da layi, amma ba wanda ya san mai ita.

Ni na sani. Ɗigo uku da layi, da jan fenti, a gindin kowane kwano da tire da kika mallaka, don kada su ɓace a gidan biki. Shekara nawa na yi ina wanke wannan alamar?

Na wuce Basawa wurin yayarki, Inna Laraba. Ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce shekara biyu kika yi a makarantar nan kafin aure, kuma kin fi mazan cikinta hannu. Kin bari ne da kika auri Baba, don mutane sun ce matar malamin makaranta ba ta wasa da laka.

Me ya sa kika jingina wa wata Baturiya aikin hannunki? Kunya kika ji, ko mu ne ba ki ga alamar za mu gane ba? Sau nawa na gyara miki Turanci a gaban baƙi, kina murmushi, tukunyarki tana bakin ƙofa?

Malamin ya ce da wannan hudar, kuma ba cikakkiyar alama, da wuya mai saye ya ba da abin kirki. Da Ishaku ya ji haka, nan take ya tuna cewa kayan uwa ba na sayarwa ba ne. Ya bar mini ita, ya ɗauki firji. Ban gaya masa sauran ba tukuna. Kin ga, wautata ce ta hana a sayar da ke.

Na mayar da ƙasar, na dasa ɗoɗɗoya. Ruwa yana tsiyayewa daidai yadda littafi ya ce. Kullum na gani sai na kau da kai.

Ki yi haƙuri, Mama. Ki huta lafiya, sai mun haɗu.

'Yarki mai digiri,
Rifkatu