Haƙoran da Ka Goge

Zuwa ga maigidana, Baban Rabi,

Gaisuwa da fatan rahama, duk da na san ƙasa ba ta karatu, kuma wannan takarda ba za ta wuce ɗakin takabata ba.

Rabi lafiya, keken ɗinkinka na rufe da zane. Sauran labarin babu daɗi. Ƙannenka, Awudu da Sani, sun je unguwar Sakasaka wurin Fuseini mai gyaran keke. Sun jawo shi daga rumfa, suka lakaɗa masa duka da sarƙar keke har bayansa ya tsage, Sani ya taka masa hannun dama sai da ƙashi ya karye. Sun ce shi ya kashe ka, domin shi ya ɗaure maka giyar kekenka ana gobe abin zai faru. Sun rantse bayan addu'ar arba'in za su cinna wa rumfarsa wuta.

Matarsa ta zo mini ta'aziyya, mijinta na kwance. Ta ce ko ana dukansa abu ɗaya yake ta maimaitawa: a duba farantin da feda ke juyawa. Wai gajerun haƙoran nan ba cinyewa suka yi ba, da gangan aka ƙera su haka, su ne ƙofar da sarƙa ke bi ta hau babban faranti. 'Yan ƙusoshin da ke gefe kuwa su ke cira ta sama idan an canja giya. Ya gaya maka, ya ce kada ka taɓa.

Ai ba sai ta faɗa ba. Ni na gan ka da idona a gindin darbejiya, ka kifa keken, kana ta gurzar dogayen haƙoran da magagari don su zo daidai da gajerun, ka bi ƙusoshin da guduma ɗaya bayan ɗaya. Na tsokane ka na ce keke ba wando ba ne, ka yi dariya ka ce Bature ya sayar mana da mai giɓi. Tela ne kai har cikin ƙashi, idonka ba ya ƙaunar abin da bai daidaita ba. Ko tabarma na shimfiɗa a karkace sai ka tashi ka gyara.

Waɗanda suka gani a mararrabar Kaladan sun ce ka miƙe kan feda za ka tsallaka, ka canja giya, sarƙa ta zame ta faɗa tsakanin faranti biyu. Ƙafarka ta juya iska. Tifar yashi ta ja ka a kwalta, hularka a nan, takalminka a can. Da aka kawo ka, da ɗinkin aljihun rigarka na gane ka.

Ina jin haushinka, Baban Rabi. Ranar da na tsinci magagarin a ƙarƙashin gado, garin ƙarfe na maƙale a jikinsa, jifa na yi da shi ya fasa madubi. Me haƙoran suka tare maka? Wa ya ce maka duk abin da ya karkace ne yake neman gyara? Taurin kanka ya bar ni da yarinya, ya bar wani bawan Allah da hannu a ɗaure.

Na yi ta rufa maka asiri, don ba na son a ce a unguwarmu ta Sabonjida mijina ya yi wa kansa. Amma rufin asirin da zai ƙone rumfar wani ba na iya ɗaukarsa. Takaba ta hana ni fita, to ai arba'in a gidan nan za a yi. Zan aika wa liman farantin da magagarin a kan tire, a ajiye gaban ƙannenka, su ga yadda haƙoran ke ƙyalli, duk kansu ɗaya, kamar yadda kake so.

Ka yi fushi in ka ga dama, nima ina yi. Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka hannun Fuseini.

Taka, mai fushi da kewa,
Maman Rabi