Birkin Motar Saje

Ƙofar Rini, Sakkwato

Yaya Mode,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan Inna da Zulaihatu da mutanen Yawuri kuna lafiya. Ni ma lafiya lau, aikin gareji sai godiya.

Kada ka ji labari a bakin direbobi hankalinka ya tashi. Wani sajen soja ne ya kawo a-kori-kurarsa, in an taka birki sai ya riƙa harbin ƙafa. Na gyara, ba a jima ba ciwon ya dawo. Na ce masa direbansa ne ke watsa wa ƙafafun motar ruwa suna da zafi, shi ke kantarar da ƙarfen birki. Ban rufe baki ba ya sa mini gindin bindiga a fuska, sojojinsa suka tattake ni cikin baƙin mai. Haƙora biyu ne kawai suka fita, sai haƙarƙari da ke ciwo in na yi tari.

Ka aiko mini da maganin targaɗen Baba Dodo mai ɗori, amma ka ce wa Inna na abokina ne. Ta sa ni cikin addu'a.

Jiya na hango direban a bakin gulbi yana ta sheƙa wa motar ruwa. Ka ga za su dawo ke nan.

Ƙanenka,
Illo