Biskit ɗin Kip

Litinin, 5 ga Yuni

Sati uku ke nan da ɓarin jikin mijina Lindsay ya shanye. Sun ɗauke shi daga asibiti zuwa gidan kula da tsofaffi a Horsham. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana babu.

Karensa Kip yau kwana huɗu bai ci komai ba. Ya shige ƙarƙashin a-kori-kura ya kwanta. Da safe na ga inda ya yi amai, rawaya. Ni ban taɓa zama mai kare ba. Shekara goma sha biyu yana gidan nan, tsakanina da shi sai "matsa can".

Laraba, 7 ga Yuni

Na kai shi wajen likitar dabbobi, Dakta Thuy. Da ƙyar na ɗaga shi cikin mota, ga ciwon bayana. Ta danna cikinsa ya yi ƙara. Ta ce wata gaɓa ce a ciki, mai narkar da kitse, ta kumbura. Ta tambaye ni me yake ci.

Na ce Lindsay kullum da safe yana yanko masa kitsen haƙarƙarin rago. Gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba: tun da aka kwantar da shi, duk man da ya taru a tiren gashi a kwanon Kip nake juyewa, don kawai in huta da wanki. Ranar Alhamis da ta wuce na juye masa na cinyar rago guda.

Ta ce, "Misis Pascoe, daga yau kitse ko ɗigo. Ba man shanu, ba cuku, ba tsiran kanti. Albasa da inabi kuwa guba ne gare shi." Ta yi masa ƙarin ruwa da allura. Ta ce in bai fara ci ba nan da sati, sai mu zauna mu yi wata magana. Na gane wace magana.

Alhamis, 8 ga Yuni

Maƙwabcinmu Dermot, wanda ke duba mana tumaki yanzu, ya leƙa ƙarƙashin motar ya daɗe. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Noelene, in kina so in zagaya da shi bayan rumfar askin tumaki da bindiga. Minti ɗaya ne. Ba sai kin fito ba."

Ba mugunta ba ce, haka ake yi wa karen aiki in ya gaza a nan tun zamanin ubana. Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen sati mai zuwa. Ban san abin da ya sa na faɗa ba.

Asabar, 10 ga Yuni

Ya ƙi abincin gwangwani na likita. Ya ƙi dafaffiyar shinkafa. Na tuna bai taɓa damuwa da kwano ba, abin da aka miƙo masa da hannu shi ne abinci. Sai na ce bari in gasa wani abu.

Kabewa, garin shinkafa, farin ƙwai. Ni da na ci kyautar kek sau shida a baje kolin gari, yau ga ni ina kwaɓa abin da ba suga, ba gishiri, ba mai. Sun fito kamar tsakuwa. Ya shinshina ya kau da kai. Kaji ma sai da suka yi shawara.

Lahadi, 11 ga Yuni

Na je wajen Lindsay. Minti ashirin. Na ce tumaki lafiya, an yi ruwa milimita tara. Yana kallon taga. Ban ce komai a kan karen ba.

Dama shirun ba sabo ba ne. Shekara arba'in da uku, na fi jin muryarsa ta tagar kicin yana hira da karnuka a kan yadda na ji ta a teburin cin abinci. Ni ma na daɗe da daina ƙoƙari.

Talata, 13 ga Yuni

Gwaji na biyu ya ƙone. Na tsaya waya da 'yata Bronwyn, wai in sayar da gonar in koma kusa da ita a Geelong. "Mama, ke kaɗai a wannan daji, kina dafa wa kare abinci?" Na ce gasawa nake yi, ba dafawa ba.

Alhamis, 15 ga Yuni

Ya ci.

In rubuta yadda na yi kada in manta. Naman kangaru, don ba shi da kitse, na dafa na niƙa. Kabewa kofi ɗaya, gasassa ba dafaffiya ba, ta fi ƙamshi. Garin shinkafa kofi biyu, farin ƙwai biyu, romon naman kaɗan kaɗan har ya haɗu. A murza da faɗi, kaurinsa kada ya wuce murfin littafi. Wuta ƙasa ƙasa, minti arba'in, a kashe a bar su a ciki su bushe.

Da na miƙa masa ya ƙi. Na zauna a kan bokiti, sanyi ya ishe ni, na jawo tsohuwar rigar ruwan Lindsay daga ƙusa na saka, na zuba biskit ɗin a aljihu don in koma ciki. Sai ga shi ya rarrafo, yana tangaɗi, ya cusa hanci a aljihun dama. Guda uku ya ci. Na zauna ban motsa ba har ƙafata ta yi sanyi, kada in ɓata abin.

Juma'a, 16 ga Yuni

Shida, da 'yar shinkafa. Dermot ya zo, ya kalle ni cikin rigar da ta kai mini gwiwa, ya ce, "Lindsay, ka rame." Na ce ya je ya duba shingen arewa.

Lahadi, 25 ga Yuni

Malia, ma'aikaciyar da ke kula da Lindsay, 'yar tsibirin Tonga ce mai dariya har waje. Ita ta ce in kawo karen, ana bari su shigo. Na yi masa wanka na kai shi.

Tun daga ƙofa ya fizge igiya. Ya je ya ɗora haɓa a gwiwar Lindsay. Na sa biskit a hannun hagun Lindsay, ya faɗi, na sake sawa. Sai bakin nan ya yi ta motsi, ya yi ta motsi, ya ce, "Kip."

Sarai. Kalmar farko cikin sati shida. Malia ta yi ta tafi tana kiran sauran ma'aikata. Ni ma na yi murmushi, ai dole.

A mota sai da na tsaya a gefen hanya wajen rumbunan alkama. Ni na tsinci Lindsay a ƙasa a rumfar aski ranar da ya faɗi. Ni na riƙe kansa har motar asibiti ta zo. Amma sunan kare ya fara kira.

Laraba, 28 ga Yuni

Ban gasa ba. Akwai saura a kwalba.

Lahadi, 2 ga Yuli

Ban je ba. Na ce wa Malia mura.

Lahadi, 9 ga Yuli

Na je, don karen ya dame ni, da ya ji makulli sai ya tsaya a jikin mota.

Ina magana da Malia, na waiga na ga wani dattijo a keken guragu yana ba Kip burodi shafe da man shanu. Ban san lokacin da na yi ihu ba. "Kai! Kashe mini shi za ka yi?" Na durƙusa na sa yatsu a bakin kare na ƙwaƙulo abin da ya rage, a gaban kowa, da kayan coci a jikina. Bawan Allah ya yi ta ba da haƙuri, daga baya ni ma na ba shi.

Da na ɗago, Lindsay na dariya. Rabin fuska, ba sauti, kafaɗa ɗaya na girgiza. Na ce, "Ka yi ta yi, tsohon banza, kai ka lalata shi." Ya ƙara.

"Mini" na ce. Na ji da kunnena.

Litinin, 10 ga Yuli

Amai sau ɗaya da safe. Dakta Thuy ta ce a sa ido. Da yamma ya ci.

Laraba, 19 ga Yuli

Likitan Lindsay ya zaunar da ni da Bronwyn. Ba zai dawo gida ba. Hannun ba zai dawo ba, maganar wataƙila kalma goma, wataƙila ashirin. Bronwyn ta yi kuka. Ni na tambayi ko a kawo masa ƙarin safa.

Na dawo na gasa tire uku, alhali ɗaya ya isa.

Lahadi, 23 ga Yuli

Malia ta ce hannun hagunsa na buƙatar aiki, in zo da kwaɓin ɗanye. Na murza a kan teburin ɗakinsa, na ba shi ƙaramin kofi ya riƙa yankawa. Awa guda, goma sha ɗaya ya yanka, duk a karkace. Gumi a goshinsa. Kip na ƙarƙashin tebur yana jiran abin da zai faɗo.

Ban shirya ba, ina tattara gefen kwaɓin ne kawai, sai na ji ina faɗa masa. Man tiren gashi, cinyar ragon, abin da na ɓoye wa likita, har maganar Dermot. Na ce saura kaɗan in kashe maka shi don ƙyuyar wanki.

 Ya ajiye kofin, ya buga ƙirjinsa da hannun, sau biyu, gari ya zauna a rigarsa. Wato shi ma. Shekara goma sha biyu na kitse.

Daga nan ban san yadda aka yi ba, na ci gaba. Rufin ɗakin wanki da ke yoyo, Bronwyn da Geelong, yadda gidan ke ƙara da rana in ba kowa. Yana ji. Ba taga yake kallo ba. Har aka kawo shayi ban gama ba.

Talata, 25 ga Yuli

Na gasa waɗanda Lindsay ya yanka daban. Na sa su a kwalba daban, ban san dalili ba, kare bai san bambanci ba.

Alhamis, 27 ga Yuli

Ba ranar ziyara ba ce. Na ce zan shiga gari sayen garin shinkafa, tunda zan wuce ta wajen sai in leƙa, akwai abin da na manta ban faɗa masa ba a kan ragunan bana.

Sai da na wuce gadar na lura kujerar gefe ba kowa. Na bar Kip a baranda yana barci a rana.

Akwai wurin juyawa wajen rumbunan. Ban juya ba.

Garin ma ban saya ba, kanti ya rufe kafin in fito daga wajensa.