Fuskar Da Ba Na Ƙara Wa Fitila

Zuwa ga matata, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa,

Yau kwana goma sha tara ke nan da kika koma gidan Yaya, tun safiyar da kika tashi ɓarin fuskarki na hagu ya shanye. Likita ya ce jijiya ce, mai yiwuwa ta warke cikin watanni, mai yiwuwa ta bar alama. Ke kuwa ba ki jira watannin ba. Kika yafa zani a kan madubin ɗakinmu, kika sa Yaya ta faɗa mini wai mutumin da sana'arsa kallon kyawawan fuskoki ce bai kamata a ɗaure shi da karkatacciya ba. Sau uku ina zuwa, sau uku ana ba ni ruwa a falo ana cewa kina barci. Tunda an hana ni baki, ga takarda.

Shekara ashirin ina riƙe da kyamara, ashe har yanzu ba ki san abin da nake nema a cikinta ba? Ke da kike tsokanata cewa a finafinanmu mutum zai tashi ya yi wanka ya dawo, ya tarar tsohuwa ba ta gama rufe taga ba? Gaskiyarki. Nakan kafa kyamara wuri ɗaya, in kashe manyan fitilu, in bar hasken taga ya shigo yadda Allah ya aiko shi, sannan in jira. Darakta ya yi ta duba agogo. Na lura mutum ba ya bayyana sai ya gaji da yin wasa: kafaɗa ta sauka, numfashi ya koma nasa, ido ya manta ana kallonsa. Wannan ɗan lokacin nake farauta.

Makon jiya muka ɗauki wani dattijo, tsohon direban jirgin ƙasa. Mai kwalliya ta zo da hoda za ta rufe tabon da ke goshinsa, na roƙe ta ta bari. Minti huɗu yana ɗaure igiyar takalmi, ko tari ba wanda ya yi a ɗakin. Da mun rufe tabon, me za mu ɗauka? Bango mai fenti?

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Kin zo gyara rigar jarumar fim, kina zaune a kan akwatin kayan aiki, allura a bakinki, fuska a murtuke, kina faɗa da maɓallin da ya ƙi zama. Jarumar tana can an yi mata ado kamar dawisu, ni kuwa na bar ta ta fice daga hoto, har darakta ya tambaye ni ko lafiya. Ba murmushi kike yi ba a ranar, ya farin watana. Ko kallona ba ki yi ba. To me ya sa kike zaton murmushin na aura?

Gidan nan ya yi mini faɗi. Keken ɗinkinki na nan da shuɗin zare a jikinsa, ban taɓa ba. Shukar bakin taga ina ba ta ruwa, amma ta san ba hannunki ba ne. Hasken hantsi yana sauka a kan kujerarki, haske mafi kyau da na sani, ba kowa a cikinsa. Ni da nake koya wa mutane haƙuri a wurin aiki, ga nawa yana neman ƙarewa a gida.

Ba zan ce miki ba abin da ya canza ba. Kin fi ƙarfin a rarrashe ki da ƙarya. Ya canza. So nake in koyi sabuwar fuskar nan sannu a hankali, safe da yamma, har in gano inda dariya take ɓuya a cikinta yanzu. In ido ya ƙi rufuwa, ni zan ɗiga miki magani. In ruwa ya zubo ta gefen baki, ga hannun rigata.

Asabar ce ranar komawarki asibiti. Na faɗa wa darakta ya nemi wanda zai riƙe kyamarar a ranar, abin da ban taɓa yarda da shi ba ko ina zazzaɓi. Ƙarfe tara zan tsaya da mota a ƙofar gidan Yaya. In kin ga dama ki zauna a baya, ki juyar da kanki, kada ki ce mini uffan. Ni dai a bar ni in tuƙa.

Mijinki, a wannan fuskar da duk wadda shekaru za su kawo miki, har ƙasa ta rufe idona.