A Zo a Gaya wa Yaron Nan Ya Ci Abinci

Zuwa ga Babban Likita, shugaban asibitin da mu mutanen Sabo muke zuwa, Ibadan.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka. Sannunku da aiki. Tun da yaƙin basasar nan ya ɓarke ina ganin motocin da ke sauke sojoji masu rauni a ƙofarku, na san ba zaune kuke ba.

Sunana Garba, tela ne a Sabo, a nan aka haife ni. Sau uku ina zuwa ofishinka masinja yana mayar da ni, shi ya sa na rubuta a jarida. Ba faɗa na zo yi ba, ko ina so ma ba ni da ƙarfinsa. Ɗana na fari, mai shekara goma sha shida, yana kwance a ɗakin maza na asibitinka. Ya daina cin abinci, kuma abin da zai sa ya ci yana hannunka. Ga yadda aka yi.

Na ɗaya. Shekara biyu ke nan yaron ya fara ƙiba. Da farko murna muka yi. Abokan ɗinki suna zolayata wai kasuwa ta buɗe wa tela, kakarsa da ta raine shi tana cewa jikin gidansu ne. Sai barci ya biyo baya, a aji barci, a masallaci barci. Ana zufa a garin nan shi yana lulluɓe da bargo. Muryarsa ta dushe, fatarsa ta bushe, tsawonsa ya tsaya cak. Yaran unguwa suka laƙaba masa Huhu, wato huhun goro. Ni ma na ce lalaci ne da ci, kuma ba sau ɗaya na faɗa ba.

Na biyu. Da kakarsa ta matsa, na kawo shi wajenku. Sikelinku a tsakiyar baranda yake, a gaban layin jama'a. Nas ta ɗora shi, ta karanta nauyinsa da ƙarfi, ta ƙara da Yarbanci cewa wannan sai sikelin 'yan goro. Layi ya kwashe da dariya. Yaron haifaffen Ibadan ne, babu kalmar da ta wuce shi. Muka shiga wajen likita, dogo mai tabarau, ba sai na ambaci sunansa ba tunda sa hannunsa yana jikin kati. Bai tashi daga kujera ba, bai taɓa yaron ba. Ya ce babu wata cuta sai haɗama, in bai kama bakinsa ba ba zai kai shekara talatin ba. Da Turanci ya faɗa, yaron kuwa ɗan makaranta ne. Bayan wata biyu muka dawo, nauyi bai ragu ba, ya ce masa a ɓoye yake ci.

Ina tsaye a wurin duka biyun, ban ce uffan ba. Wataƙila ba ka san al'adarmu ba, ranka ya daɗe. A wurinmu ana jin kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya zama da shi, ba ya tare masa a gaban mutane. Haka na tarar, haka na yi. Wannan nawa laifin ne, ban ɗora wa kowa ba.

Na uku. Daga nan ya fara rage ci. In an zuba masa tuwo ko amala sai ya fita da kwano, ashe akuyar maƙwabta yake juye wa. Azumi ya zo ya rufa masa asiri. Bayan Sallah ya yi Sitta Shawwal, ya ɗora da Litinin da Alhamis, daga baya kullum. A masallaci dattawa suna sa masa albarka, suna nuna shi ga 'ya'yansu, ni kuma ina jin daɗi. Kakarsa ce ta kama shi a bayan ɗaki yana zura yatsa a maƙogwaro, bayan ta tsare shi ya sha kunu. Ta gaya mini tana kuka, na ce ƙuruciya ce, zai bari.

Na huɗu. Sau biyu a shekara nake taɓa yaron nan, wato in zan yi masa awon kayan Sallah. Da Babbar Sallah ta gabato na ɗora masa tef. Ƙirji ya ragu da inci huɗu. Wuya kuwa, da yake inci goma sha huɗu, ya koma sha biyar da rabi. Na sake aunawa, na ce ko tef ɗin ne ya nannaɗe. Shekara ashirin da biyar ina ɗinki, wuya jiki yake bi, ban taɓa ganin mutum ya rame wuyan kaftaninsa ya ƙi ɓalluwa ba.

Na ɗauko littafin awo na zo da shi asibiti. Aka ce an mayar da likitan ɗakin sojoji, mu dawo. Muka dawo, aka sake cewa mu dawo. Ana haka ya yanke jiki ya faɗi a wurin alwala, aka kwantar da shi.

Wata likita ce ta duba shi, matashiya, Allah ya saka mata da alheri. Ta zagaya bayansa, ta ɗora yatsu a wuyansa, ta ba shi ruwa ta ce ya haɗiye. Duka-duka bai kai lokacin da nake ɗauka in ɗinka maɓalli ɗaya ba. Ta ce maƙoƙo ne. Akwai wata 'yar halitta a gaban wuya da ke zaburar da jiki, tasa ta yi rauni ta kumbura, daga nan ƙibar da sanyin da barcin suka fito. Aka ɗebi jini, gwaji ya tabbatar. Maganin 'yar ƙwaya ce guda kowace safiya. Amma ta ce yunwa ta raunana masa zuciya, in bai ci abinci ba ƙwayar ba za ta riƙe shi ba.

Na biyar. Ƙwayar yana haɗiye ta. Abinci ne ya ƙi. Kakarsa ta roƙe shi har muryarta ta tafi, limaminmu ya zo, ita likitar ta zauna a bakin gadonsa ta lallashe shi. Amsarsa ɗaya ce, wai tausayinsa kawai take ji, likitan farko mai tabarau ya riga ya gaya masa gaskiya, kuma tana rubuce a kati. Cokali biyu na kunu yake sha, ya juya ya kalli bango.

Ni dai ba zan ce maka ina fushi ba. Na nemi fushin ban same shi ba. Da safe in zo in zauna a gefen gado, da hantsi in koma shago in taka keke. Mutane suna ce mini sannu, Yarbawan unguwar Mokola suna ce mini pele, ina amsawa. Shekaranjiya na ɗinke wa wani bawan Allah bakin aljihu duka biyu, sai da ya dawo da rigar na sani. Kakarsa ta ce ko hawaye ban yi ba, kuma gaskiya ta faɗa.

Saboda haka ga roƙona.

Ka turo likitan nan mai tabarau wajen yaron, ko na minti biyar ne. Yana nan a ginin da ke tsallaken fili, ta taga ina ganin wucewarsa. Ba kotu zan je ba, ban ce a kore shi ba, ba na neman ya ba ni haƙuri. Ya zo kawai ya tsaya ya ce masa bai duba wuyansa ba, kuskure ya yi, ya ci abinci. Daga bakinsa kaɗai yaron zai yarda.

Sannan a shigar da sikelin nan ɗaki, a sa labule. Kuma duk yaro ko yarinya da aka kawo da ƙiba, ko kuma da ramar ƙin abinci, a taɓa wuyansa tukuna kafin a yi masa maganar ci.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya kare maka naka 'ya'yan. Allah ya ba masu rauni lafiya, ya kawo ƙarshen yaƙin nan.

Don kada a ce ba a gane yaron ba, yana gadon ƙarshe, kusa da taga. A littafin awona "yaro" kawai na rubuta a shafinsa, kuma tun ranar da aka raɗa masa suna bai taɓa jinsa a bakina ba. Sunansa Habibu. In likitan ya zo, don Allah ya kira shi da sunansa. Ni ma gobe da safe zan gwada.

Wassalam.

Naka,
Garba Tela,
Sabo, Ibadan.