Yadda Muka Toshe Gidan Baba

Asabar, 6 ga Disamba

"Ki daina numfashi, Auta, hoton na rawa."

Da wannan Baba ya tarbe ni. Ko akwatina ban ajiye ba ya danƙa mini wayarsa, ya tsayar da ni gaban talabijin. Wani shiri ake yi na gyare-gyaren gida. Wani mai gashin baki yana nuna yadda ake hana sanyi shiga ɗaki. Aikina in ɗauki hoton duk abin da ya yi, domin mutumin yana sauri kamar an biyo shi, Baba kuma ya ce kansa ba rikoda ba ne.

Kowane hoto sai ya fito da baƙin layi a tsakiya. Baba ya riga ya gano dalili: ƙarar magana ce take girgiza hoton. Shi ya sa yake kashe muryar talabijin kafin a ɗauka. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na tuna kiɗan da na sha a bas tun safe, na rufe bakina. Shirun ya yi mini daɗi. Mai gashin baki ya yi ta motsa baki kamar kifi, yana nuna nan yana nuna can, ni kuma ina dannawa duk sanda hannunsa ya taɓa soso ko leda.

Layin bai tafi ba. Baba ya ce ya ragu.

Lahadi, 7 ga Disamba

Bari in rubuta gaskiyar abin da ya kawo ni, ko na samu in zauna wuri ɗaya.

Yaya ne ya turo ni. Tun rasuwar Umma Baba shi kaɗai yake zaune a wannan tsohon gidan bene, hawa na uku, tagogi duk sun saki. Sanyin bara ya kwantar da shi da ciwon ƙirji. Yaya ya yanke: in bana ma haka za ta kasance, Baba zai bar gidan ya koma wurinsa, ɗakin bayan nan da yaransa ke jibge kekuna. Ni aka zaɓa in zo in duba in ba da rahoto, tunda ni ce "ba ta aikin komai sai rubutu." Haka Yaya yake kiran digirin da nake yi na uku a fannin tarihi.

Baba ya sani sarai. Da safe ya miƙo mini shayi ya ce, "Ga na sufeto." Ban yi dariya ba, shi ma bai yi ba.

Mako biyu, in tafi. Babi na huɗu yana jirana, kuma ba a wannan teburin mai ƙafa ɗaya gajera zan rubuta shi ba.

Talata, 9 ga Disamba

An fara aiki. Baba ya yi rayuwarsa a gidan waya, sashen ƙunshin kaya, kuma hannunsa bai manta ba. Yadda yake jan salatif da haƙori, ya shafa shi da babban yatsa, ya lanƙwasa kusurwar leda, wallahi abin kallo ne. Gidan yake naɗewa kamar za a aika shi wata ƙasa. Saura adireshi.

Ni ce mai riƙe tsani da mai nuna hoto. "Koma baya. A'a, wanda yake yanka soson. Ƙara girmansa. Wannan hannunsa ne ko layin ne?"

Na ce layin ne.

"Duk karatunki ba ki iya ɗaukar hoto ba."

An gama tagar falo. An gama tagar ɗakinsa. An cusa soso a ƙarƙashin ƙofa. Na zagaya falon ya fi a ƙirga ina neman inda zan ajiye kwamfuta, ko'ina almakashi da guntun leda.

Laraba, 10 ga Disamba

Ban rubuta ko layi ɗaya ba. Na jera cokulan Umma bisa tsayi.

Alhamis, 11 ga Disamba

Yau Baba ya kama ɓarawon ƙarshe, in ji shi. Ya bi bango da jiƙaƙƙen yatsa yana farautar iska, har ya kai ga wani rami mai raga a saman bango, daidai kan inda hitar gas mai ɗumama falo take zama. Iska na shigowa ta nan kamar an biya ta.

Muka duba waya. Ga mai gashin baki nan tsaye, yatsansa a kan irin wannan ramin, fuskarsa a murtuke.

"Kin gani? Har ɓata rai ya yi. Shi ne babbansu."

Kwali, soso, leda, salatif ninki uku. Ni na miƙa masa kwalin.

Gaskiya gidan ya yi ɗumi. Baba ya cire rigar sanyi ya zauna da 'yar shara yana kaɗa ƙafa. Ya ce in rubuta wa shugabana cewa tsoho ya ci jarrabawa. Na ce ba ni da shugaba. Ya ce, "To wa ke kiranki kullum kina shiga banɗaki ki amsa?"

Asabar, 13 ga Disamba

Ciwon kai tun jiya. Mara ƙarfi, amma ba ya tafiya, kamar baƙon da ya ƙi gane an gaji da shi. Babi na huɗu ne, na sani.

Gilasan taga suna zufa ta ciki. Baba ya ce alamar lafiya ce, gida ya fara gumi.

Lahadi, 14 ga Disamba

Yaya ya zo da rana, da takalminsa mai sheƙi da makullin mota a hannu, wanda ba ya taɓa sa wa a aljihu don kada a manta yana sauri.

Abin bai yi kyau ba. Baba ya yi gyangyaɗi ana tsakiyar magana. Da ya farka ya tambayi Yaya yaushe ya shigo. Ya tashi haɗa shayi, ya tsaya da buta a hannu yana kallon kofuna kamar bai taɓa ganinsu ba. Sannan ya zuba sukari sau biyu a kofi ɗaya, ya bar ɗayan babu.

A matakala Yaya ya rage murya. "Ke, kin ga abin da na gani?"

"Ya gaji ne. Kwana uku yana kan tsani."

"Gajiya? Wannan farkon ruɗewa ne. Haka ta surukina ta fara. Zan sa a kwashe kekunan."

Na ce ya bari wa'adin ya cika. Ya ce ni dai ba na son a ce na yi kuskure. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ake magana ba.

Na dawo na tarar da Baba yana kallon hannuwansa. Ya ce, "Na yi abin kunya ko?" Na ce shayin ya yi daɗi. Nawa ne mara sukarin.

Talata, 16 ga Disamba

Na gudu laburare. Na zauna kusa da taga, kafin azahar kaina ya washe, na rubuta shafi huɗu. Ashe gidan ne ba ya so na, ko ni ce ba na son sa.

Na dawo, ban gama cire takalmi ba ciwon ya dawo wurinsa. Na lura, na kuma ba kaina kyakkyawan bayani game da damuwa da komawa gidan yarinta. Ina da baiwar bayani.

Laraba, 17 ga Disamba

Bari in rubuta.

Bayan la'asar muna falo, hita na ci, Baba na barci a kujera da rimot a cinya. Sai ga maimaicin shirin nan, na ranar da na zo. Ba don komai ba, don dai falon ya yi shiru da yawa, na zare rimot na kunna murya. Ashe mai gashin baki muryarsa siririya ce. Ina cikin yi masa dariya ya ɗora yatsa a kan ramin, ya murtuke fuska ya ce:

"Komai za ku toshe ku toshe, ban da wannan. In kuna kunna hitar gas, ta nan kuke numfashi. Hayaƙinta ba ya wari, ba a ganinsa. Ciwon kai, barci, ruɗewa, daga nan sai a ɗauko ku."

Na kalli kwalin da ke bango. Na kalli wutar hita, wadda ya kamata ta zama shuɗiya, tana ci rawaya-rawaya. Na kalli Baba.

Ban san lokacin da na kashe gas ba. Tagar ta ƙi buɗuwa, aikin ƙwararre ne. Da wuƙar kicin na farka ledar. Sanyi ya shigo kamar mari.

"Baba. Baba! Tashi."

Sai da na jijjiga shi da ƙarfi, irin jijjigar da ban taɓa yi wa babba ba. Ya buɗe ido da ƙyar, ya kalli tagar, abin da ya fara faɗa shi ne, "Wa ya yaga mini aiki?"

Na sauko da shi matakala yana jingine da ni. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Yaushe ya zama haka?

Alhamis, 18 ga Disamba

A asibiti an sa mana abin shaƙar iska mu biyu, gado kusa da gado, kamar tagwaye. Likita ta ce abin da ya cece mu shi ne Baba yana kashe hita kafin ya kwanta. Ta gwada shi da tambayoyi, ranar yau, sunayen jikoki, lissafi da baya-baya. Ya amsa duka, har ya gyara mata yadda ta naɗe bandejin wani a gadon gefe. Kansa lafiya lau.

Da muka dawo, Baba ya tsaya a ƙofar gida.

"Za ki faɗa wa Yayanki?"

"Dole."

"In kin yi shiru zai ce na ruɗe. In kin faɗa zai ce na kusa kashe ki. Kowanne dai ɗakin kekuna ne."

Ya hau tsani da kansa ya ɓare kwalin, a hankali, ba tare da ya yaga fenti ba. Ya ninke shi ya ajiye. Bai ci abinci ba.

Juma'a, 19 ga Disamba

Na kasa zama, na kasa fita. Na goge murhu. Na sake goge shi. Ramin yana busa iskarsa, babu ruwansa.

Asabar, 20 ga Disamba

Yaya ya zo. Na shirya jawabi mai sassa uku, na manta shi tun yana cire takalmi. Baba ya shige ɗaki ya bar ƙofa a buɗe kaɗan, kamar ba ma gani.

Na faɗi komai. Yaya ya ajiye makullin mota a tebur. Ban taɓa ganin haka ba.

"Kin ga ni? Wannan ai ya fi ruɗewa muni. Da ke ba kya nan fa?"

"Da ba na nan da bai samu mai riƙe masa tsani ba. Ni na ɗauki hoton, ni na miƙa kwalin, na san sauti ba ya girgiza hoto na yi shiru. In toshe rami ne ke kai mutum ɗakin kekuna, ka sa gado biyu."

"Ba wasa nake ba, Auta."

"Ni ma. Yaya, ka ga tagogin nan? Ka taɓa? Mutumin da ya yi wannan aikin za ka zaunar ya riƙa kallon matarka tana shanya?"

Ya tashi ya taɓa tagar, wadda Baba ya riga ya sake naɗewa. Ya daɗe yana bin kusurwar da yatsa.

"To wa zai riƙa lura da shi? Ni? Daga can?"

Sai na ji bakina ya ce, "Zan zauna, har sanyi ya wuce dai." Ban san wa ya ba shi izini ba.

Daga ɗaki Baba ya yi tari na ƙarya. Yaya ya ce sai an kawo mai gyaran gas ya duba hitar, an kuma sa na'urar nan mai ƙara in iska ta ɓaci. Baba ya leƙo ya ce shi zai ɗaura ta da kansa. Mu biyu muka ce a'a a tare. Rabon da ni da Yaya mu yarda a kan abu ɗaya har na manta.

Kekuna sun tsira da ɗakinsu.

Litinin, 22 ga Disamba

A tashar bas nake rubuta wannan, yatsuna sun ƙandare.

Yau ce ranar da na sa wa kaina ta tafiya, kuma ga shi na tafi, kada wani ya ce ban cika magana ba. Zan je in kwaso littattafan babi na biyar da bargona mai nauyi, in gaya wa abokiyar zamana ta riƙa shayar da tukunyar fulawata. Ba wani abu ba ne. Laburaren nan ya fi namu shiru, shi ke nan.

Jakar hannu kawai na ɗauka. Akwatin ya yi nauyi a sauko da shi hawa uku don a sake hawa da shi.

Baba ya rako ni bakin ƙofa da guduma a hannu, ban tambayi abin da zai buga ba. Ya ce in na ga ƙusa 'yar ƙarama a hanya in sayo. Na ce ina zan ga ƙusa a hanya. Ya ce, "Ki dai duba." Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce ina sakar masa sanyi, ya tura ƙofar.

Na ji ya murɗa makulli. Na jira ƙarar gudumar, ta zo, sannan na sauka.