Takardun da ke Cikin Gafaka

Daren Talata, watan Rajab

Ƙafafuna sun kumbura, amma daɗi ya hana ni barci. Yau muka dawo daga Sakkwato, asibiti na uku ke nan da muka gwada. Biyun farko, ban ko gama zama ba suka ce wadda aka ciro wa ɗa da tiyata sau biyu, sai dai tiyata.

Wagga likita kuwa takardun haihuwata na baya ta tambaya. Malam, maigidana, ya ce, "Ai sun ɓace tun tasowarmu daga Gangara."

Na ce, "Allah gafarta Malam, suna nan." Na ciro su daga gafakar Alƙur'anina. Shekara shida ina adana su, masu dariya na yi mini dariya.

Ta karanta a tsanake, ta ce yankan mahaifar a kwance yake. Za su bar ni in gwada naƙuda, ɗakin tiyata na kusa in abu ya ƙi. Ba ta yi mini alkawari ba, shi ya sa na amince da ita. Can za ni haihu, in Allah ya yarda.

A mota Malam ya miƙo mini takardun, bai dube ni ba, ya ce, "Riƙe, wurinki sun fi tsira."